Tsawon wane lokaci riga-kafin yara ke aiki a jiki?

Allurar nan da ake yi wa jarirai a mako na 6 da na 10 da na 14 ta haɗa riga-kafin cututtuka biyar ne: mashaƙo, tarin shiƙa, sarƙe-haƙora, ciwon hanta nau'in B, da ƙwayar Hib mai haddasa sanƙarau. A shekarar 2012 ne Najeriya ta fara amfani da ita. To sai dai haɗa su a allura ɗaya bai sa ƙarfinsu ya ƙare lokaci ɗaya ba.

Na ciwon hanta shi ne mafi daɗewa cikinsu, domin bincike ya nuna yana ba da kariya ta aƙalla shekara 30. Na tarin shiƙa kuwa shi ke saurin raguwa, galibi cikin shekara 4 zuwa 12.

Inda iyaye suka fi yin sakaci dai shi ne mashaƙo da sarƙe-haƙora. Allurai ukun farko suna kare yaro a ƙuruciya, amma garkuwar tana raguwa sannu a hankali. Don haka ne a 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar ƙarin allurai uku: tsakanin wata 12 zuwa 23, sai shekara 4 zuwa 7, sannan shekara 9 zuwa 15. Abin da ya faru a ƙasashen tsohuwar Tarayyar Sobiyet a shekarun 1990 ya nuna dalili, inda mashaƙo ya kama mutum fiye da 150,000, akasarinsu matasa da manya waɗanda garkuwarsu ta yi rauni. Annobar Kano ta 2023 kuwa ta fi shafar yaran da ba a yi wa allurar ba ko ba a kammala musu ba.

Riga-kafin ƙyanda, wanda a ƙasashe da dama ake haɗawa da na hangum da na rubela, daban yake. Allura biyu suna kare kimanin kashi 97 cikin 100, kuma kariyar kan kai ƙarshen rayuwa. Ta wata 9 ita kaɗai takan kare kusan kashi 85 ne, shi ya sa ake kiran uwa ta dawo da yaro a wata na 15. Na hangum ne ke da rauni: a 2006 cutar ta kama fiye da mutum 6,000 a Amurka, da yawansu ɗaliban jami'a da aka yi wa allurar sau biyu.