Hadari da Bisashe a Kwarin Tarka



Kowa ya san Tarka tsohon gulbi ne wanda ya ƙafe. Amma ruwa bai manta hanyarsa ba. In malka ta sauka, kwarin yakan cika dare ɗaya. Shi ya sa kakanninmu na Damargu ba su kwana da garke cikin fadama da damana. Da sun ga gabas ta yi baƙi, sai su kora bisashe bisa tudu. Ba su ɗaure dabba gindin dogon icce, don tsoron aradu. Kuma tun kaka suke ɗora kara da harawa bisa rumfa, domin bazara.

A shekarar 1961 gwamnati ta yi dokar da ta sa iyakar noma daga arewa, don a bar wa makiyaya daji. Duk da haka gonaki suka yi ta hawa, suna cin burtali. Farin 1973 da na 1984 suka kashe shanu da itatuwa. Ƙasa ta zama tsirara, ruwa na zuwa ya kwashe ta har da irin ciyawa.

Sai 2010 ta ƙara mana karatu. Damanar 2009 ba ta yi ba, ciyawa ta ƙare tun rani. Da ruwa ya zo da ƙarfi, sai ya tarar da shanu ƙashi da fata. Sanyi ya kada su, wasu suka maƙale cikin laka ba su iya tashi ba. Dabbar da ta sha wuyar rani duka, ruwan da muka roƙa ya ƙarasa ta.

To jama'a, ba hadari kaɗai ke kisa ba, yunwar da ta riga shi ita ce ke buɗe masa ƙofa. Ba a fafe gora ranar tafiya. 'Yan ci-rani, kuɗin dusa da angurya ku aiko su tun watan Maris, kada ku jira labarin mushe. Mu na gida mu bar burtali buɗe har zuwa tudu, mu daina saran icce cikin kwari.

Allah ya ba mu damana mai albarka, amin.