Seku Ture da Alkawarin Daidaici a Ƙasar Gini

A ranar 25 ga Agusta 1958 Janar Digol, shugaban gwamnatin Faransa, ya sauka a birnin Konakiri. Ya zo ne domin ya shawo kan mutanen Gini su yarda su zauna ƙarƙashin inuwar Faransa cikin wata sabuwar tarayya. A gaban wannan babban baƙo wani saurayi mai shekara 36, Ahmed Seku Ture, ya miƙe ya yi jawabi. Ya ce mutanensa sun gwammace talauci cikin 'yanci da arziki cikin bauta. Jama'a suka ɗauka da sowa, Digol kuwa ya bar ƙasar da fushi.

Bakin Seku Ture bai yi kaifi a rana ɗaya ba. Tun yana ma'aikacin gidan waya ya shiga ƙungiyar ƙwadago, a can ya koyi yadda ake magana da wanda aka zalunta. Yakan fara da abin da yake ci wa mutane tuwo a ƙwarya, watau harajin da hakimai suke karɓa wa Turawa, da albashin baƙar fata wanda bai kai na Bature ba ko da aikinsu ɗaya ne. Sa'an nan ya jera abu biyu kishiyar juna, 'yanci da bauta, talaka da mai sarauta, domin wanda bai yi makaranta ba ya iya riƙe maganar ya kai gida. Ya kuma jawo mata a jiki. A 1955 wani hakimi ya sari wata mace mai ciki 'yar jam'iyyarsa, Mbaliya Kamara, ta mutu, sunanta ya zama abin ambato a kowane taro. A ƙarshen 1957 gwamnatinsa ta soke sarautar hakimai, mutane suka ga lalle maganar daidaici ba ta tsaya a fatar baki ba.

Ranar 28 ga Satumba 1958 aka jefa ƙuri'a. Kimanin kashi 95 cikin ɗari na masu zaɓe a Gini suka ce a'a, ƙasar ta sami mulkin kai ranar 2 ga Oktoba. A Nijar ma Jibo Bakari da jam'iyyar Sawaba sun yi irin wannan kira da sunan talakawa, amma sarakuna da hukumar Faransa suka tsaya gefe guda, ƙuri'ar i ta yi rinjaye, kafin shekara ta ƙare mulki ya fita daga hannunsa. Gini kaɗai ta fita. Faransa ta janye ma'aikatanta da taimakonta cikin gaggawa, wannan kuwa ya ƙara wa Seku Ture kwarjini a dukan Afirka.

Amma kalmar da ta ɗaga shi ita ce daga baya ta zama bulala a hannunsa. Tun da yake shi ne bakin talakawa, sai duk wanda ya yi masa gardama ya zama maƙiyin jama'a. Jam'iyya ɗaya ta rage a ƙasar. A 1961 gwamnati ta karɓe makarantun mishan, a 1967 kuma ta kori 'yan mishan baƙi. Bayan da sojojin Fotugal suka kawo hari Konakiri ranar 22 ga Nuwamba 1970, aka shiga kame babu ji babu gani. Cikin waɗanda aka kama har da Babban Bishop na Katolika, Remon Cidimbo, ɗan ƙasa, wanda ya zauna a kurkuku har 1979. A 1976 shugaban da ya yi wa'azin cewa kabilu duka ɗaya ne ya hau mumbari yana zargin Fulani da cin amana. A shekaran nan aka kama Diyallo Telli, Bafulatani, sakatare na farko na Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka. Aka kulle shi a barikin Bwaro, aka hana shi abinci da ruwa har ya mutu a 1977. A watan Agusta na shekarar 1977 matan kasuwa, waɗanda dā su ne ginshiƙinsa, suka fito zanga-zanga saboda takurawar 'yan sandan ciniki. Dubban 'yan ƙasa kuma sun riga sun gudu zuwa Senegal da Kodebuwa.

Seku Ture ya rasu a asibiti a Amurka ranar 26 ga Maris 1984. Bayan mako guda sojoji suka karɓi mulki, suka buɗe ƙofofin Bwaro.

Littafi Mai Tsarki ya ba da labarin Absalom ɗan Dawuda, wanda yakan tsaya a ƙofar birni yana rungumar masu ƙara, yana nuna musu cewa da shi ne alƙali da kowa ya sami gaskiyarsa, har ya sace zukatan jama'a. Kukan masu ƙarar na gaske ne, kamar yadda kukan mutanen Gini na 1958 yake na gaske. Saboda haka mai bi ba zai raina maganar daidaici ba, gama Allah ba ya tara. Sai dai in ya ji ta a bakin mai neman mulki, ya kamata ya duba ko daidaicin nan ya haɗa da wanda ya ƙi jefa masa ƙuri'a, da kabilar da ba tasa ba, da wanda yake ɗaure a kurkukunsa.