Daga Gonar Auduga Zuwa Filin Rumde Adjia: Tarihin Coton Sport ta Garwa

Duk wanda ya tashi a ƙasar Bibemi ya san auduga kafin ya san ƙwallo. Da saukar damina ake shuka ta, a yi ta noma da feshi, in hunturu ya kama a tsince ta, a kai ma'auni, manyan motocin kamfanin SODECOTON su kwashe su bi hanyar Pitoa. Shi ya sa idan aka zauna sauraron wasan Coton Sport a rediyo, a Bibemi ko a kasuwar shanu ta Adumri, ba ka rasa manomin da zai ce cikin raha ai da guminsa aka ɗinka rigar da 'yan wasan suke sanye da ita. Maganar tana da ƙanshin gaskiya, kuma daga nan ya kamata a fara tarihin ƙungiyar.

Kafin a haifi Coton Sport, ƙwallon Kamaru na 'yan kudu ne. Oryx ta Duwala ce ta fara ɗaukar kofin zakarun Afirka a 1965. Canon ta Yawunde, wadda aka kafa tun 1930, ta ɗauke shi sau uku, a 1971 da 1978 da 1980. Union ta Duwala ta ɗauka a 1979. Tonnerre ta Yawunde kuwa ita ce gidan da Roger Milla ya taka leda, daga baya George Weah ya ratsa ta can kafin ya haye Faransa. Arewa ta ba Kamaru shugaban ƙasa na farko, Ahmadu Ahidjo, ɗan Garwa. Ta kuma ba Afirka Isa Hayatu, shi ma ɗan Garwa, wanda ya shugabanci hukumar CAF daga 1988 zuwa 2017. Amma a cikin fili, kofin ƙasa bai san hanyar ƙetare tudun Adamawa ba.

A 1986 aka kafa Coton Sport a matsayin ƙungiyar ma'aikatan SODECOTON, kamfanin da aka buɗe a 1974 mai hedikwata a Garwa. Da farko wasan motsa jini ne bayan an tashi aiki. A farkon shekarun 1990 ta hau rukunin farko, a 1997 ta ɗauki kofin ƙasa, ta maimaita a 1998. 'Yan kudu suka ɗauka sa'a ce, musamman da Sable ta Batie ta karɓe a 1999, Fovu ta Baham a 2000. Sai Coton ta dawo a 2001. Canon ta yi yunƙuri ta ƙwace a 2002, kofinta na goma ke nan. Daga 2003 zuwa 2008 kuwa, shekara shida a jere, ba wanda ya sake taɓa kofin sai masu kore da fari. A 2010 suka kamo Canon, a 2011 suka wuce ta, zuwa 2023 suna da kofi 18.

Me ya kawo wannan? Ba asiri ba ne, tsari ne. Manyan ƙungiyoyin kudu na unguwanni ne da attajirai, ranar da aljihun shugaba ya bushe, ko rikicin shugabanci ya tashi, sai ƙungiya ta kwanta. A Garwa kuwa akwai kamfani a baya: albashi na zuwa, akwai wurin atisaye, akwai makarantar renon yara, akwai kuɗin doguwar tafiya zuwa kudu. Gabriel Mbairobe, wanda ya daɗe yana shugabantar ƙungiyar, daga baya ya zama ministan noma a 2019. Sai kuma zafin Garwa, wanda ɗan wasan da ya saba da sanyin Bamenda ko ruwan Duwala ba ya mantawa da shi.

A nan gabar da ke tsakaninta da Canon da Union da Tonnerre ta samo tushe. 'Yan Canon kan ce su suna da tarihi da jama'a, Coton kuwa ƙungiyar ofis ce, kuma duk yawan kofunanta na gida ba ta da na Afirka ko ɗaya. 'Yan Garwa kan mayar da cewa tuna baya shi ne roƙo, a nuna musu na bana. Kowane ɓangare ya taɓa wa ɗaya inda yake ciwo.

Ciwon Coton Sport suna gare shi, Al Ahly ta Masar. Tun a 2003 ta kai wasan ƙarshe na kofin CAF, Raja ta Kasablanka ta hana ta. Amma 2008 ce shekarar da ba a mantawa. Ta fito daga rukunin da ya ƙunshi Enyimba ta Aba da TP Mazembe da Al Hilal ta Sudan, ta fitar da Dynamos ta Zimbabwe, ta isa wasan ƙarshe na kofin zakaru. A Alƙahira aka ci ta 2 da 0. A Garwa, cikin watan Nuwamba, Al Ahly ta fara zura ƙwallo, Coton ta farke ta ƙara, jama'a suka miƙe tsaye, sai fenareti ya zo dab da tashi aka rabu 2 da 2. Kofi ya tafi Masar. A cikin 'yan wasan wannan shekara akwai 'yan Nijar, mai tsaron gida Kassaly Daouda da ɗan gaba Kamilou Daouda, abin da ya sa masu sauraro a Yamai da Maraɗi ma suka ji zafin rashin. A 2013 suka sake haɗuwa a wasan kusa da na ƙarshe, Al Ahly ta wuce da bugun fenareti. A 2014, a kofin ƙalubale na Afirka, a mataki iri ɗaya, ita ce dai ta sake tare hanya.

Ramuwar ta zo ta wata ƙofa. Vincent Aboubakar, wanda Coton Sport ta rena kafin ya tafi Valenciennes a 2010, shi ya jefa wa Masar ƙwallon nasara a wasan ƙarshe na kofin ƙasashen Afirka a 2017. A watan Janairun 2022 kuma, a filin Rumde Adjia, Nijeriya ta doke Masar 1 da 0 da ƙwallon Kelechi Iheanacho, mutanen Garwa suka yi murna kamar su suka ci. Wanda ya san 2008 bai yi mamaki ba.

Sai dai akwai tambayar da mai kishin ƙungiyar bai kamata ya kauce mata ba. Ƙarfinta daga auduga yake, auduga kuwa tana hannun damina da farashin kasuwar duniya da tsadar taki. Gidan da ya jingina da ginshiƙi ɗaya, ranar da ginshiƙin ya girgiza kowa zai ji. Canon ma ta taɓa zaton rana ba za ta faɗi ba. Ga shi a 2024 Victoria United ta ɗauke kofin.

Manomin Bibemi yana da haƙƙin tambaya: in da gumina a cikin rigar, yaushe masu neman yara za su riƙa biyo hanyar da motocin auduga suke bi? Yaran suna nan, kullum la'asar sakaliya suna buga ƙwallo a kan ƙura ba takalmi. Kofin Afirka da Garwa take jira tun 2008, wa ya sani ko ƙafar da za ta kawo shi tana cikinsu.