Yadda Jos Ta Mayar Wa Ingila Abin Da Ta Yar

Cikin 1963 BBC ta fara nuna wasan talabijin mai suna Doctor Who a Ingila. A zamanin nan ba wanda ya zaci wata rana za a sayi irinsa a kalla a gida, saboda haka daga 1967 zuwa 1978 aka yi ta shafe faya-fayansa. Da aka soma sayar da shi a kaset cikin 1983, kashi fiye da 100 babu su. Masu sha'awarsa suka dukufa cigiya a ƙasashen da aka taɓa aika wa. Cikin 2013 aka sanar Philip Morris ya gano kashi 9 a wata tashar talabijin ta Jos, aka buga su a faifai. Abin da mai shi ya yar, ma'ajin nesa ya tsare.