Yadda ake bin sawun cututtuka masu yaɗuwa tsakanin ƴan makaranta a Issawane

A ƙaramar hukumar Issawane, cikin gundumar Mayahi ta jihar Maraɗi, labarin annoba yakan faro ne daga littafin kiran suna. Idan malami ya ga yara biyu ko uku na unguwa guda sun daina zuwa aji, kuma aka ce zazzaɓi ne da ƙuraje ko sanƙarewar wuya, sai ya shaida wa daraktan makaranta, shi kuma ya sanar da majon cibiyar kiwon lafiya (CSI) mafi kusa.

Daga nan rahoto ke hawa: CSI zuwa hukumar lafiya ta gundumar Mayahi, sai Maraɗi, sai ofishin ministan kiwon lafiya a Yamai. Tsarin, wanda ake kira SIMR da Faransanci, ƙasashen Afirka sun amince da shi a 1998 ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya. Kowane mako CSI na aika lissafin cututtukan da sanar da su ya zama dole, irin su sanƙarau, ƙyanda, kwalara, mashaƙo da shanyewar gaɓoɓi farat ɗaya ga yaron da bai kai shekara 15 ba. Ko ba a samu kowa ba, sai an rubuta sifiri an aika.

Sanƙarau ne aka fi sa wa ido, musamman daga lokacin hunturu har faɗuwar damina. A yankin da mutanensa ba su kai 30,000 ba, mutum 2 a mako guda sun isa a yi gargaɗi, mutum 5 kuwa annoba ce. Don haka yaro ɗaya da aka ɓoye a ɗaki ana ba shi jiƙo yana iya jinkirta zuwan allurar rigakafi ga gari baki ɗaya. Ruwan da ake ɗiba a gadon bayan maras lafiya, cibiyar CERMES ta Yamai ce ke tantance irin ƙwayar da ke cikinsa.

A Afrilun 2015 sanƙarau nau'in C ya sa gwamnati ta rufe makarantun Yamai na ƴan kwanaki. A waccan annobar an ƙidaya kusan mutum 8,500, fiye da 500 suka rasu.

Inda tsarin ya fi rauni shi ne makarantun allo, don galibi ba su da littafin kiran suna, almajirai kuma na kwana ɗaki guda a cunkushe. A nan sai an dogara ga malaman allo, masu gari da masu faɗakarwa na ƙauye.