Lokacin Ruwa: Tarihin Ƙidayar Lokaci Tsakanin Masunta da Masu Fito a Ƙasar Katagum

1.0 Gabatarwa

Darasin lokaci a makarantunmu na firamare yakan fara da fuskar agogo, ya ƙare da sunayen watannin kalanda. Da zarar yaro ya haddace cewa sa'a ɗaya minti 60 ce, shekara kuma wata 12, sai a ɗauka an rufe babin. Alhali kuwa tun kafin agogo ya shigo ƙasar Hausa akwai al'ummomin da abincinsu, wani lokaci ma har ransu, ya rataya a kan sanin lokaci daidai. Daga cikinsu akwai masunta da masu fito na bakin kogin Jama'are a ƙasar Katagum. Manufarmu a wannan muƙala ita ce mu bi tarihin yadda waɗannan mutane suka riƙa ƙidayar lokaci, mu ga abin da ya sauya cikin shekaru 200 da suka wuce, sannan mu nuna dalilin da ya sa ya kamata wannan ilimi, tare da kalmominsa, ya sami gurbi a manhajar Hausa.

2.0 Cikowa Iri Biyu: ta Teku da ta Kogi

Masuncin da ke bakin teku, a Legas ko Kalaba, yana aiki ne da ruwan da ke cikowa sau biyu ya janye sau biyu a kowane yini da darensa. Tsakanin cikowa ɗaya da mai bi mata akwai kimanin sa'a 12 da minti 25. Ƙarfin jan da wata ke yi wa ruwan teku shi ne babban dalili, rana kuma tana taimakawa. Saboda haka ne cikowar take jinkirta da kimanin minti 50 kowace rana, take kuma yin ƙarfi a lokacin tsayuwar wata da kuma daren sha huɗu. Wanda ya kuskure wannan lissafi, ko dai jirginsa ya kafe a taɓo, ko ruwa ya rutsa da shi.

A ƙasar Katagum babu teku, amma akwai cikowa da janyewa, sai dai sau ɗaya ne a shekara. Kogin Jama'are, wanda ake kira Bunga a can samansa, ya taso ne daga tsaunukan Jos, ya ratso jihar Bauchi ta arewa maso gabas, ya wuce ta gefen tsohon garin Katagum. Daga nan ya bazu cikin fadamun Haɗeja da Nguru, inda ruwansa ke haɗuwa da na kogin Haɗeja su zama Komadugu Yobe, wanda ke zuba a Tabkin Chadi. Kogin yakan kawo ruwa bayan damina ta kankama, ya tumbatsa a watannin Agusta da Satumba, ya fara ja baya da kaka, har ya koma yashi da 'yan tabkuna da rani.

Abin lura a nan shi ne, ruwan da ke cika kogin a Katagum yawancinsa ba a Katagum aka yi shi ba. Ana iya wayar gari sararin sama garau, amma kogi ya ciko saboda ruwan da aka sheƙa a kudu kwanakin baya. Wannan ne ya sa mai fito ba ya dogara da hadarin da yake gani kaɗai. Yakan dubi launin ruwa, da kumfa da yayin da ke tahowa a kansa, yakan kuma kafa kara a bakin gaɓa don ya ga ko ruwa ya hau ko ya sauka cikin dare.

3.0 Wata da Taurari

Magabata sun yi amfani da ma'auni biyu, kowanne da aikinsa. Na farko shi ne wata, wanda ke tsara aikin dare. Masunci yana bambanta kwanakin farin wata da na duhu, domin kamun kalli da na mamari ba ɗaya ba ne a cikinsu, kuma tafiya a kwalekwale cikin duhu tana da nata hatsari. Bayan daren sha huɗu, wata yana jinkirin fitowa da kimanin minti 50 kowane dare, don haka wanda ya san kwanan wata, da ya ga fitowarsa ya san inda dare ya kai. Wannan jinkiri kuwa shi ne dai wanda ke jinkirta cikowar teku. Ke nan masuncin Katagum da na Legas abu guda suke karantawa, ko da yake amfanin da suke yi da shi ya bambanta. Idan dare ya tsala, fitowar Gamzaki ce ke shaida cewa asuba ta kusa.

Amma wata ba ya iya faɗin lokacin zuwan ruwa. Shekarar wata kwana 354 ce, wato ta gaza ta rana da kimanin kwana 11, shi ya sa azumi ke zagayawa daga damina zuwa bazara zuwa hunturu. Don sanin lokacin ruwa sai aka koma ga ma'auni na biyu, wato taurari. Talaka ya san Kaza da 'Ya'yanta, waɗanda ke ɓacewa daga sararin yamma a ƙarshen bazara, su sake bayyana da asuba a cikin watan Yuni, daidai lokacin da damina ke sauka a wannan yanki. Malamai kuma suna da lissafi mafi zurfi da suka gada daga littattafan Larabci: taurari 28, kowanne kwana 13, in ban da Jabha mai kwana 14, jimla kwana 365. An raba su bakwai-bakwai ga bazara da damina da kaka da ɗari. Na damina su ne Haƙ'a, Han'a, Zira'a, Nasara, Ɗarfa, Jabha da Harsan. Tare da su akwai watannin Ajam, irin su Yunayar da Agushta da Dujambar, waɗanda ke bin shekarar rana. An saka wannan lissafi cikin waƙoƙin Hausa don sauƙin hadda, kuma Mervyn Hiskett ya yi nazarinsu a 1967.

Da wannan ƙidaya ake tsara sana'ar su. Lokacin da ruwa ya hau fadama, kifi ke bi ya yi ƙwai cikin ciyawa. Lokacin da ya fara janyewa, kifi ke neman komawa kogi, sai a tare mashigai da tarkuna. Da rani, tarwaɗa da ƙarfasa da kurungu sukan taru a tabkuna, gaiwa kuwa ta shige laka ta jira wata damina. A al'adar ƙasar Hausa, Sarkin Ruwa ko mai gari yakan hana taɓa manyan tabkuna har sai ranar da aka sa, a shiga da gora da koma gaba ɗaya. Bikin Argungu da na Gogaram a ƙasar Bade sun tsiro ne daga irin wannan tsari. Hanin yana ba kifi damar girma, don haka sanin lokaci a nan ya zama doka ta kiyaye arziki. Gyaran jirgi da ɗinkin taru su ma suna da nasu lokaci kafin ruwa ya iso, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

4.0 Baƙin 1824 da Na'urorinsu

Malam Ibrahim Zaki, ɗaya daga cikin masu tutar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, shi ya kafa masarautar Katagum a farkon ƙarni na 19, ya kuma rasu a 1814. Shekara goma bayan rasuwarsa, a watan Janairu na 1824, zamanin Sarki Ɗankauwa, Turawa biyu daga Ingila suka sauka a Katagum kan hanyarsu daga Borno zuwa Kano: Hugh Clapperton, hafsan sojan ruwa, da likita Walter Oudney. Oudney ya rasu a Murmur ranar 12 ga wannan wata, jim kaɗan bayan sun bar garin.

Clapperton ya zo da ilimin lokaci irin na matuƙan jiragen teku. A wajensu, nisan wuri ta arewa ko kudu ana samunsa da auna tsayin rana ko tauraro, amma nisansa ta gabas ko yamma sai an san lokaci daidai, domin kowane digiri ɗaya yana daidai da minti 4. Wannan matsala ce ta sa John Harrison ya shafe shekaru yana ƙera agogon teku, har ya kammala mafi shahara a 1759. Awon da Clapperton ya yi wa Katagum ya nuna wahalar abin. Ta arewa ya sami digiri 12 da minti 17, wanda ya dace da taswirar yau. Ta gabas kuwa ya ƙiyasta kimanin digiri 11, alhali garin yana kusa da digiri 10 da sulusi. Bambancin bai kai minti 3 na agogo ba, amma a ƙasa ya kai kimanin kilomita 70.

Da ya isa Sakkwato a watan Maris, ya nuna wa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello na'urorinsa, ya kuma rubuta cewa Sarkin ya san buruji da taurari da yawa da sunayensu na Larabci. Wannan shaida ce daga bakin baƙo cewa ilimin sararin sama ya riga shi zuwa. Abin da ya kawo sabo shi ne na'urar da ke yanka lokaci zuwa minti da daƙiƙa.

5.0 Agogon Gwamnati da Madatsun Ruwa

Turawa sun ci Katagum a 1903, kuma tsakanin 1910 da 1916 aka mayar da hedikwatar mulki da fadar sarki zuwa Azare, garin da ba a bakin kogin yake ba. A 1919 aka ɗora Nijeriya baki ɗaya a kan agogo guda, sa'a ɗaya gaba da na Girinwic. Rana tana kai wa tsaka a Azare kusan rabin sa'a kafin Legas, amma agogon ofis da na makaranta bai san wannan ba. Sannu a hankali hantsi da walaha da la'asar sakaliya da almuru suka koma maganar ƙauye, ƙarfe kaza ya zama maganar mai ilimi.

Sauyi mafi girma ga masunta ya zo ne ta ruwan kansa. Farin 1972 zuwa 1973 da na 1983 zuwa 1984 sun rage ambaliyar fadamu ƙwarai. Tabkin Chadi, wanda ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960, ya ragu zuwa ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na haka a tsakiyar shekarun 1980. A daidai wannan zamani aka kammala madatsar Tiga a 1974, aka kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are a 1976, sannan madatsar Challawa ta biyo a 1992. Daga nan ruwan kogin Haɗeja ya daina bin taurari kaɗai, ya koma bin ranar da aka buɗe ƙofar madatsa. Ruwan da ke gudana har da rani ya ba ciyawar kacala damar toshe hanyoyin ruwa a fadamun Haɗeja da Nguru, abin da ya cuci masunta da manoma.

Kogin Jama'are ya bambanta, domin madatsar Kafin Zaki da aka tsara a kansa tun shekarun 1970 aikinta ya tsaya a 1984, kuma an daɗe ana muhawara a kanta tsakanin masu son noman rani a jihar Bauchi da mutanen Yobe da Borno da ke jiran ruwan a ƙasa. Ke nan ƙasar Katagum na daga cikin wuraren da tsohuwar ƙidaya ke da sauran aiki. Sai dai damina kanta ta rikice. Ambaliyar 2012 da ta 2022 sun yi ɓarna a faɗin ƙasa, a watan Agusta na 2024 kuma ruwa ya yanke babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri a yankin Katagum. A irin wannan hali, mai fito yana buƙatar ma'auni na uku, wato hasashen damina na hukumar NiMet da hasashen ambaliya na hukumar NIHSA, waɗanda ake fitarwa kowace shekara.

6.0 Abin da Wannan ke Nufi ga Manhaja

Idan muka dubi wannan tarihi, za mu ga ɗan masunci yana shiga aji da ilimin da littafi bai san da shi ba, yana kuma fita ba tare da an ba shi kalmomin da zai fahimci gargaɗin ambaliya da su ba. Muna ganin ana iya gyara wannan ta hanyoyi huɗu.

Da farko, a faɗaɗa darasin lokaci a firamare ya haɗa da sassan yini da dare na Hausa, daga asuba zuwa talatainin dare, a riƙa jera su kusa da ƙarfen agogo. Na biyu, a ƙaramar sakandare a koyar da bambancin shekarar wata da ta rana, da taurarin damina, tare da aikin gani da ido: ɗalibai su rubuta lokacin fitowar wata na dare bakwai bayan daren sha huɗu, su fitar da jinkirin da kansu. Na uku, a sa ɗaliban Hausa na Kwalejin Ilimi ta Aminu Saleh da ke Azare da na Jami'ar Sa'adu Zungur da ke Gadau su tattaro kalmomin su da fito daga bakin dattawan ƙananan hukumomin Zaki da Jama'are da Itas/Gadau, domin sunayen kifi da kayan aiki sukan bambanta daga gari zuwa gari. Na huɗu, a daidaita kalmomin Hausa na awon ruwa da hasashen yanayi, a yi amfani da sanarwar hukumomi a matsayin abin karantawa a darasin auna fahimta.

7.0 Kammalawa

Mun ga cewa a ƙasar Katagum an ƙidaya lokaci da wata don aikin dare, da taurari don aikin shekara, kafin agogo da madatsun ruwa su shigo da nasu lissafi. Babu ɗaya daga cikin ma'aunan nan da ya wadatar shi kaɗai a yau. Dattawan da suka haddace taurarin damina suna ƙarewa, yaran da ke hawa kwalekwale zuwa makaranta da kasuwa kuwa suna nan kowace damina. Ya rage ga masu tsara manhaja su haɗa ilimin waɗancan da buƙatar waɗannan tun ana iya samun mai faɗa.