Fitilun Gilashi na Murano

Murano wasu 'yan tsibirai ne da ke arewa da birnin Venis a Italiya. A 1291 hukumar Venis ta umarci masu narka gilashi su kwashe tanderunsu su koma can, don gudun gobara a birnin da katako ya yi yawa a gine-ginensa. Tara su wuri guda ya kuma sauƙaƙa tsare sirrin sana'ar. An ɗaukaka darajar gwanaye har 'ya'yansu mata na iya auren masu sarauta, amma an hana gwanayen barin ƙasar. Wajen 1450 Angelo Barovier ya gano yadda ake tace tokar tsirrai a sami gilashi garai-garai kamar ruwa. Daga tanderun nan ne kuma duwatsun ado suka riƙa fitowa, waɗanda fatake suka bi da su ta Tarabulus har kasuwar Kano.

Fitilar ratayawa ta shahara ne a ƙarni na 18, lokacin da gilashin Bohemiya mai kauri, wanda ake yankawa ya yi ƙyalli, ya fara ƙwace kasuwa. Gilashin Murano bai dace da yanka ba, amma yana daɗewa da laushi a hannun mai aiki. Giuseppe Briati, wanda ya rasu a 1772, ya ci moriyar wannan hali: ya rufe ƙarfen fitilar da guntayen gilashi, ya cika rassanta da furanni da ganyaye masu launi, kyandirori na ci a tsakaninsu. Akwai irinta a fadar Ca' Rezzonico har yau. Bayan Napoleon ya rushe jamhuriyar Venis a 1797 sana'ar ta durƙushe, ba ta farfaɗo ba sai wajen 1860.

Fitilun da masu tara kayan tarihi suka fi nema yanzu na ƙarni na 20 ne. A 1921 wani lauya daga Milan, Paolo Venini, ya haɗa hannu da Giacomo Cappellin suka buɗe masana'anta a Murano. Venini ba ɗan gidajen gilashin Murano ba ne, kuma wannan ya ba shi ƙarfin halin yin abin da gidajen gado ba su saba ba, wato gayyato masu zanen gine-gine da masu sassaƙa su tsaya a bakin wuta tare da gwanin. Mai zane ya kawo siffa, gwani ya ɗebo narkakken gilashi a bakin bututun ƙarfe, ya hura, ya juya, ya ja da awartaki, ya datse da almakashi kafin ya daskare, sannan a bar shi ya huce sannu a hankali don kada ya tsage. Napoleone Martinuzzi ya fito da gilashi mai cike da kumfa a 1928, wanda ke tausasa hasken lantarki. Carlo Scarpa ya yi aiki da Venini daga 1932 har bayan yaƙin duniya na biyu. A gidan Barovier kuwa, Ercole Barovier ya riƙa jan gilashi yana fitar da tsinaye kamar ƙaya, kowane tsini na karya haske ta nasa ɓangaren.

Ƙwan lantarki ya 'yantar da siffa, tunda babu harshen wuta da dole ya kalli sama. Daga ƙarshen shekarun 1950 aka koma haɗa fitila da ɗaruruwan guntaye iri ɗaya, a rataya su su zubo kamar ruwa daga rufin otal ko banki. Mafi hikima a cikinsu ita ce Giogali, wadda Angelo Mangiarotti ya tsara wa masana'antar Vistosi a 1967: ƙugiyoyin gilashi ne zalla, kowace na riƙe da 'yar uwarta. Carlo Nason ya yi wa masana'antar Mazzega fitilu masu bawo cikin bawo, waɗanda ko a kashe suna cika ɗaki da kwarjini.

Matsalar mai saye a yau ita ce tantancewa. Yawancin fitilun ba su da sa hannu, tambarin takarda ko na gwangwani ake liƙa musu, shi ma ya ɓace da wanki. Masana'antu sun kwaikwayi juna, gwanaye sun yi ta sauya gida, kuma guntun da ya fashe akan maye shi da sabo. Saboda haka masana ke komawa tsofaffin kundayen tallan kamfanoni, su duba ƙarfen da wayoyin, su gwada kaurin guntaye, domin aikin hannu ba ya fitowa daidai wa daida. Alamar Vetro Artistico Murano, wadda yankin Veneto ya kafa da doka a 1994, sababbin kaya kawai take karewa. Tsofaffin sai dai a dogara da ido da takardun asali.